Jikin da nake taƙama da shi ne ya jawo aka mayar dani kaya

Assalamu alaikum. Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen kogin Haɗeja, ta wajen Auyo a jihar Jigawa. Bazan faɗi sunan garin ba kuma bazan kama sunan kowa ba, don mutanen da zan yi maganarsu suna nan da ransu da iyalansu, ba tonon silili ne ya kawo ni ba. Irin wannan abun idan ya samu namiji haɗiyewa yake yi yayi shiru saboda yasan yana buɗe baki dariya za'a sa masa, toh ni dai na gaji da haɗiyewa.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, Inna ko sunana bata faɗa saboda alkunya, sai dai tace "kai wannan". Tun ina ƙarami Allah ya bani jiki irin na dangin Baba, dogaye ne masu faɗin kafaɗa, ina aji biyar a firamare na kere wasu malaman tsawo. Kuma ba wani ƙarfe na taɓa ɗagawa ba, noman shinkafa ne a fadama da su da yankan kacalla, ciyawar nan data toshe mana hanyoyin ruwa duk shekara sai an yi gayya an shiga da lauje, wannan aikin shi ya murɗa ni. Da kaka in an gama girbi ana kokawa a dandali, garuruwan kusa duk su zo, makaɗa na kiɗa ana min kirari mata na rangaɗa guɗa, in nayi kaye a liƙa min kuɗi a goshi. Wallahi a lokacin daɗi nake ji, wane saurayi ne bazai ji ba. Inna ce kaɗai hankalinta baya kwanciya, duk daren da na dawo daga kokawa sai ta tofa min addu'a a ruwa tace in shanye, wai tana tsoron kambun baka.

A 2020 ruwa yazo ya shanye mana shinkafa tana dab da nuna, ko buhu ɗaya bamu ɗauka ba a gonar fadama. Ba'a jima ba Baba ya faɗi a hanyar masallaci, shanyewar ɓarin jiki, hawan jini ne ashe ya daɗe yana cinsa bamu sani ba. Ga ƙanne ga magani ga bashin taki. Ba wanda yace min in tafi amma kowa ni yake kallo. Na haɗa kayana a buhun bagko na hau mota sai Kano, wani ɗan garinmu ya saka ni cikin 'yan dako a kasuwar Dawanau, kan titin Katsina. Wanda bai taɓa zuwa Dawanau ba bazai gane ba, hatsi ne iya ganinka, masara gero wake riɗi zoɓo, tireloli na lodi dare da rana. Buhu mai kilo 100 zaka saɓa a wuya ka bi ta kan katako ka hau mota dashi, ana biyanku kan kowane buhu, don haka mai ƙarfi shi ke samu. Ni kam nan da nan masu sito suka sanni, in lodin gaggawa ne ni ake nema.

Da zafin bazara ba mai iya wannan aikin da riga, daga mu sai gajeren wando, wani ya yafa tsumma a wuya. Ashe wata rana wani ya ɗauke ni bidiyo ina hawa da buhu ban sani ba, ya ɗora waƙa akai ya saka a TikTok. Ni lokacin ƙaramar waya ce dani mai madannai, ko Facebook bana yi. Wani yaron shago ne ya kira ni yace "Dogo zo kaga ka zama silebiriti", ya dinga karanto min abinda mutane suka rubuta a ƙasa. Wasu addu'a suke yi Allah yasa albarka a nema, amma da yawa ba wannan ba ne. Wata tace a bata lambata ko nawa ne, wata tace irin wannan ake ajiyewa a gida, wasu maganganun bazan iya maimaita su ba, akan sassan jikina ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mata kaɗai ba harda maza. Abokan aikina suka dinga ihu suna dukan bayana, nima na taya su dariya don ban san me ya kamata inji ba. Amma da daddare dana kwanta a kan buhuna sai naji wani iri, ace mutanen da basu san sunana ba basu san uban da nake wa wannan wahalar yana kwance ba, suna can kan katifunsu suna maimaita kallona.

Bayan 'yan makonni wani direba yazo da mota mai baƙin gilashi yana tambayar Dogon nan na bidiyo. Yace "ɗan samari, Hajiyarmu ce ke neman yaro mai ƙwazo, wankin mota da ban ruwan fulawa da ɗan aike, ga ɗaki ga abinci sau uku". Albashin da ya faɗa ya fi abinda nake haɗawa a dako kuma ba ciwon baya. Na kira Inna tace in dai halak ne Allah yasa albarka.

Gidan a wata unguwar masu hali yake cikin birni. Maigidan baya zama, harkokinsa na waje ne, sai a daɗe ba'a ganshi ba. Farko lafiya lau, sai dai wasu abubuwa da nake gani ina kawar da kai. Hajiya ta aiko min da riguna sababbi amma duk sun matse ni, nace wa mai aiki sun min kaɗan tace Hajiya tace haka ake yayi. In zan wanke mota sai ace in bari sai la'asar, a daidai lokacin da take zama a baranda, kuma wai in cire riga kar ta jiƙe. Sunana na yanka na faɗa mata yafi a ƙirga, bata taɓa riƙewa ba, Dogo kawai.

Ranar da bazan manta ba ranar da ƙawayenta 'yan adashi suka taru ne. Akwai 'yan aiki mata har biyu a kicin amma aka ce ni zan shigo da lemo. Na shiga falo da tire, sanyin esi da ƙamshin turaren wuta suka buge ni, na durƙusa na gaishe su kaina a ƙasa. Sai tace "miƙe tsaye su ganka mana, shine fa na bidiyon nan da na tura muku". Na miƙe. Tace "juya". Wallahi na juya, da tiren a hannuna, kofuna na karkarwa. Ɗaya daga cikinsu, babbar mace da zata yi sa'ar Inna, ta taso ta kama damtsena ta matsa da yatsunta da suka sha jan lalle da zobba, tace "kai, kamar dutse, Hajiya ina kika samo, ko zaki bani aronsa sati ɗaya". Suka tuntsire da dariya harda tafawa. Ni na taso ina zuwa kara, na sha ganin yadda dillali ke taɓa tozon sa ya buɗe bakinsa ya duba haƙora a Maigatari ranar Alhamis, toh abinda aka min kenan, bambancin kawai ni ina jin abinda ake faɗa. Ba wadda ta tambaye ni ya gida ko ya mai jiki.

Na koma ɗakina na wanke hannun da sabulu kamar wanda ya taɓa najasa. Tsohon maigadin gidan, wani Buzu mai kirki, ya miƙo min shayi a ɗan kofinsu yace "yaro, ba kai ne na farko ba a ɗakin nan". Iya abinda ya faɗa kenan.

Na so tafiya a lokacin, amma wata bai ƙare ba kuma an rubuta wa Baba wani sabon magani. Na cigaba da zama ina kaucewa. Har wani dare wajen sha ɗaya aka kira ni a waya wai labulen ɗakin sama ya faɗo inzo in gyara. Na hau, labule lafiyarsa ƙalau. Ta tura ƙofa ta fara magana, wai zata saya min Adaidaita Sahu, zata kai Baba asibitin kuɗi, ba wanda zai sani. Nace "Hajiya kiyi wa Allah kiyi wa Annabi, ke uwa ce a wajena". Ta riƙo rigata na fizge na sauko da gudu ko takalmi ban tsaya ɗauka ba. Kada wani ya ɗauka waliyyi ne ni, jini ne a jikina kuma maganar asibitin nan ta tsaya min a rai, tsoron Allah da tsoron abinda zai biyo baya ne suka haɗu suka fitar dani.

Washegari da safe aka ce sarƙar gwal ta ɓata. Aka zazzage buhuna a tsakar gida gaban kowa ba'a ga komai ba, duk da haka aka ce in fice kafin a kira 'yan sanda, kuma kuɗin aikina na watan aka riƙe. Wa zan kai ƙara? Ince me? Ƙato kamar ni yaje ofis yace mace ta nemi tayi masa dole, kafin in gama bayani ma ni za'a rufe.

Na koma Dawanau, da daddare a teburin mai shayi na ba abokaina labari don zuciyata ta ɗan yi sanyi. Nan ne naji ciwon da yafi na gidan Hajiya. Wani yace "amma kai anyi sakarai, Allah ya kashe ya baka ka ƙi ci". Wani yace in bashi kwatancen gidan. Daga ranar suka sa min suna Annabi Yusufun Dawanau. Abin mamaki mutanen nan da azumi tare muke zama wajen tafsiri, in aka zo Suratu Yusuf, wajen da matan birni suka yanke hannayensu da wuƙaƙe saboda kallonsa, da wajen da yace kurkuku yafi soyuwa a gareshi akan abinda suke kiransa, zaka ga ana girgiza kai ana Allahu Akbar. Kuma duk sun san hadisin mutum bakwai da Allah zai saka a inuwarSa, cikinsu harda namijin da mace mai matsayi da kyau ta kira shi yace ina tsoron Allah. A littafi abin yabo ne, amma in ya faru da ɗan dakon da kuke cin garau-garau tare sai ya zama abin tsokana.

Na dawo gida kafin daminar 2022, ruwan shekarar kuwa yafi na baya ɓarna, garuruwa da yawa a ƙasar Haɗeja sai a makarantu mutane suka kwana. Muna cikin wannan halin wani abokin Baba da muke kira Baffa yazo da magana. Yace akwai wata bazawara a wani gari kusa damu, 'yar mutunci, ta gama idda, iyayenta na neman mai riƙon amana ba mai kuɗi ba, kuma wani bawan Allah ya ɗauki nauyin sadaki da ɗan gyaran ɗaki saboda Allah. Yace "ɗana, shekarunka sun kai, ga shi Innarka ita kaɗai ke jinya". Na je na ganta sau ɗaya a zaure, mace mai natsuwa, ta ɗan girme ni, bata cika magana ba na ɗauka kunya ce. Aka ɗaura aure ba taro sosai, ta tare.

Gaskiya na so ta. Tana taya Inna juya Baba, tana dama masa kunu, in na dawo daga gona ga ruwan wanka. Bayan abinda ya faru a birni wannan ne karon farko da naji ana kallona a matsayin mutum, haka nake zato. Sai dai kullum da daddare ina jin tana kuka ƙasa-ƙasa, in na tambaya tace 'ya'yanta ta tuna, suna gidan ubansu, ƙaramin ma ba'a daɗe da yaye shi ba.

Farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, ka wuni a layin mai POS baka samu ko dubu biyu ba, mutane na bada kwanon shinkafa a karɓi magi da mai. A wannan marrar Baffa ya kira ni bayan gari ya ciro baƙar leda daga aljihun babbar riga, sababbin 'yan dubu-dubu ne a ɗaure da kyauro ko lanƙwasa babu, rabon da inga kuɗi haka tun Kano. Yace Alhaji na gaisuwa, ga wannan, kuma akwai babur na zuwa, sai in rubuta takarda. Nace wane Alhaji, wace takarda? Ya kalle ni kamar ni ne mai rainin hankali yace "haba ɗana, kai yaro ne? Aikin da aka ɗauko ka ai ka gama".

Ashe tsohon mijinta saki uku yayi mata cikin fushi, ya dawo yana nadama, kuma shari'a tace bata halatta gareshi sai ta auri wani. Shine suka zauna suka duba wanda za'a sa ya kashe wuta. Talaka, lafiyayye, uba a kwance, wanda in an nuna masa kuɗi bazai yi gardama ba. Sadakin ma daga aljihun Alhajin ya fito. Na koma gida na tambaye ta, ta durƙusa tana kuka tace "Malam kayi haƙuri, wallahi ni na ɗauka ka sani, ce min akayi an gama magana da kai".

Kwana nayi ban rintsa ba, da asuba na tafi wajen limamin garinmu. Nace Allah ya gafarta Malam, ga abinda ya same ni, zaman da nayi da ita zina ce ko aure? Ya karanto min aya ta 230 a Baƙara, sannan yace Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai auren kisan wuta da wanda akayi dominsa, har akwai ruwayar Ibn Majah da aka kira mai yin bunsurun aro. Amma yace tunda ni ban ɗaura da wannan niyyar ba aurena ingantacce ne, matata ce, ba wanda ya isa ya sa ni saki, laifin na wuyan waɗanda suka ƙulla. Hankalina ya ɗan kwanta ta fuskar addini, amma bunsurun aron nan ya zauna min a ƙirji, don ko ba niyyata bace a idonsu abinda nake kenan.

Kuɗin dai Inna da kanta tace "kai wannan, mayar musu da tsiyarsu", alhali a ranar ko na allurar Baba babu. Na mayar. Saura maganar matar, kuma nan ne na daɗe ina juyawa. Zuciya na ce min ka riƙe ta ko don su gane kai ba abin haya bane, ga shari'a ta baka gaskiya, ga shi kana sonta. Amma in na kalle ta sai inga ita ma juya ta akayi kamar yadda aka juya ni, namiji ya sake ta don ransa ya ɓaci, maza sun zauna sun yanke wanda zata kwana dashi, ba wanda ya tambayi ra'ayinta. In na riƙe ta don huce haushi na zama na uku kenan. Na zaunar da ita nace ta faɗa min tsakaninta da Allah ina take so, in ni ne wallahi zan tsaya ko me zai faru. Tayi shiru mai tsawo sannan tace 'ya'yanta. Na jira har tayi tsarki kamar yadda Malam yace, na rubuta saki ɗaya. Halaccin komawarta can kuma nace wannan tsakaninsu ne da malamansu da Allah. Baffa har yau in mun haɗu ina gaishe shi saboda Baba, iyakarta kenan.

Abinda ya biyo baya shine wanda ba'a gani. Na daina kokawa gabaɗaya, ko kiɗan naji sai in canza hanya. Na koma saka manyan riguna ko a gona, duk zafi. In naga yaro ya ɗaga waya ta wajena sai gabana ya faɗi, akwai wanda na kusa mara a wajen biki alhali ango yake ɗauka. In mace tayi min fara'a sai in fara lissafin me take so. Ranar Lahadi in naje Gujungu naji masu maganin maza da lasifika a kan mota suna ta batsa, wai namiji in bai iya kaza da kaza ba sunansa hoto, dattawa da samari a tsaye suna miƙa kuɗi a ɓoye, sai inga ashe abun ya wuce Hajiya ɗaya da Alhaji ɗaya, mu kanmu maza da wannan ma'aunin muke auna junanmu, shi yasa abokaina suka kasa ganin an cuce ni.

Wata rana a rediyo naji wata lauya na bayanin dokar hana cin zarafin mutane da aka sa wa hannu a 2015 zamanin Jonathan, tace tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa mace kaɗai ta sani a maganar fyaɗe, amma wannan ta haɗa harda namiji, kuma Jigawa ma tayi nata daga baya. Na daɗe riƙe da rediyon. Ba wai zan kai ƙarar kowa bane, ba shaida kuma ba ƙarfi, amma ashe akwai inda aka rubuta cewa namiji ma ana iya cin zarafinsa. Kuma don Allah kar wata tace gasa nake da mata, ina da ƙanne mata, nasan abinda 'yan talla da 'yan aikatau ke gani ya ninka nawa, dama dai wanda ke da kuɗi ne ke taɓa wanda bashi da shi.

Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Yanzu ina noman rani, shinkafa da ɗan albasa, na samu injin ban ruwa na haɗin gwiwa da wani maƙocina. Nayi aure da 'yar ƙanwar Inna, kafin a ɗaura na zaunar da ita na faɗa mata komai tun daga Dawanau, bata yi dariya ba, ita ce mutum ta farko bayan Malam. Bidiyon kuma ance har yanzu yana yawo, wani yaro ya gwada kai ƙorafi a cire amma wasu sun riga sun kwafa sun sake ɗorawa da wasu waƙoƙin.

Ƙanena mai bi min na biyu ya taso, jikinmu ɗaya sak, kuma yace bayan Sallah shima Kano zai tafi dako. Na kira shi gona na bashi labarin nan kaf ban rage ba, da farko ya fara murmushi irin na 'yan teburin mai shayi, da na kai wajen ledar Baffa ya daina. Nace masa duk aikin gidan da aka zo har inda kake aka ce kai kaɗai ake so ka tambayi dalili, kuma duk auren da wani zai biya maka sadaki kaje da kanka ka binciki yadda na baya ya mutu. Yace zai tafi duk da haka don gonar rani bata isar mu mu biyu, gaskiyarsa ne. Na haɗa shi da wani ɗan garinmu mai sayar da zoɓo a can, a shagonsa zai dinga kwana.